Kekunan Jere

Ina aji biyu a kwalejin horar da malamai mata lokacin da kuɗin fetur ya fara isowa Fagge. Mu dai ba mu taɓa ganin fetur ɗin ba sai a tankin babur, amma mun ga abin da ya haifa. Maƙwabcinmu ya sayo firji ya kafa a tsakiyar ɗaki da ledarsa, kuma da yake ba a kawo wa layinmu wuta ba tukuna, matarsa ta riƙa ajiye zannuwanta a ciki, ta ce ɓera ba ya shiga. Babana yana da rumfar yadi a Kantin Kwari. Kullum ya dawo da yamma sai ya yi ta mita, wai mutane sun daina tayi, duk abin da ka yanka musu sai su miƙo, ciniki ya daina daɗi. A irin wannan zamani ne gwamnati ta tuna da mu.

Wata safiya tirela ta shigo makaranta da baya da baya, ta kwashe rabin ginshiƙin ƙofa, aka sauke akwatunan katako. Da aka fasa sai ga kekunan ɗinki na ƙafa, sababbi fil, baƙaƙe masu zanen ruwan zinare, kuma sun fi 'yan ajinmu yawa. Muka yi ta guɗa kamar an kawo lefe.

Wadda ta fi kowa murna ita ce malamar ɗinki, da muke kira Madam. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Ta bar Kano da yaƙi ya taso, ta dawo bayan an gama, ba miji, sai yara uku da wani tsohon kan keke da ta naɗe cikin zani. Makaranta ta ɗauke ta aikin wucin gadi, irin wanda duk ƙarshen shekara sai an sake duba fuskarka kafin a ce ka dawo. An yi mata alkawari cewa ranar da sufetoci suka zo suka yaba wa sashen ɗinki, za a mai da ita ma'aikaciyar dindindin, mai fansho. Da wannan alkawarin take kwana, da shi take tashi. Ranar da aka fasa akwatunan na ga tana shafa kan keke ɗaya tana magana ita kaɗai da yarensu, idonta ya cika da ƙwalla.

Shugabar makaranta kuwa, Hajiya, kada in ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, wadda in ta ga tsinke a tsakar makaranta sai ta tsayar da darasi an nemo wanda ya yar. Ba da daɗewa ba ta dawo daga wani kwas, ta zo mana da tsarabar kalma guda, wato inganci. Daga ranar komai na makarantar ya zama na inganci. Shara ta inganci, layin cin abinci na inganci, har aka kafa kwamitin inganta koyarwa, wanda ke zama duk wata ya sha shayi da biskit ya tashi. Hajiya ta sa aka yi wa wani dogon ɗaki fenti, aka jera kekunan sahu-sahu, aka rataya labule. Sannan ta datse ƙofa da kwaɗo, ta ɗaure mukullin a haɓar zaninta.

Sati ya zagayo, wata ya zagayo, Madam ta gaji da jira. Ta tare Hajiya a baranda, mu kuma muna shara kusa da su, kunnuwanmu a buɗe.

"Hajiya, yaushe yaran nan za su fara hawa?"

"Hawa me?"

"Kekunan mana."

Hajiya ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Madam, lafiyarki kuwa? Waɗannan yaran da ko cokali aka ba su sai sun lanƙwasa shi? Kayan gwamnati ne fa. In sufeto ya zo ya tarar fenti ya goge, ni zai tambaya ko ke?"

"To ai don a yi ɗinki aka kawo su, Hajiya."

"Don inganci aka kawo su," in ji Hajiya, ta gyara mayafi ta wuce.

Mu 'yan Fagge mun gane inda Hajiya ta dosa tun kafin Madam ta gane. Babu wadda a cikinmu uwarta ba ta da jere a ɗaki. Kwanuka ne da tasoshi tun na aure, an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu da niyyar sha ba. Innata ta taɓa zane ni don na sauko da guda ɗaya zan kwaɗa rama. Da su ake auna darajar mace in baƙi sun shigo, abinci kuwa a tsohon kwanon da ya lotsa ake ci. To Hajiya ta samu jerenta, gwamnati ce ta yi mata kayan ɗaki.

Kuma kowa ya san yadda ake kula da jere, wanke shi ake yi. Duk safiyar Juma'a Hajiya ta kwance mukulli, mu shiga da bokitai da soso da ruwan sabulu, mu wanke kekunan tas, sama da ƙasa. Wuraren ƙarfe masu ƙyalli mu goge da toka. Ita tana tsaye a bakin ƙofa tana nuna inda ba a cuɗa da kyau ba. Juma'ar farko da Madam ta leƙo ta gan mu, ta ɗora hannu a ka.

"Hajiya, don girman Allah! Keke ba ya son ruwa. Mai yake so, kuma so yake a taka shi."

"Mai?" in ji Hajiya. "Ki shafa musu mai ƙura ta manne, ɗaki ya riƙa warin gareji? A'a, ba a makarantata ba."

Madam ba ta haƙura ba. Juma'a ta gaba ta ɓoyo 'yar gwangwanin man keke a jakarta, ta lallaɓa ta ɗiɗɗiga wa biyu ko uku. Hancin Hajiya ya fi na kowa aiki a makarantar nan. Ta shaƙa sau ɗaya, ta bi sahu har inda aka yi ɓarnar, ta sa muka sake wanke su da ruwan zafi. Daga ranar aka hana malamar ɗinki shiga ɗakin ɗinki.

Kada a ce ba a koya mana komai ba. An koya mana. Madam ta zana keke a allo, mu kwafa, mu rubuta sunan kowane sashe, ga allura, ga kwarkwaro, ga bel, ga feda. Da muka kai aji uku mun iya zana keken ɗinki har da inuwarsa. Akwai kuma darasin taka feda, inda muke zama a kan bencinmu mu riƙa kaɗa ƙafa a iska tana ƙirga mana. Wanda ya wuce ta taga sai ya ɗauka fitsari ne ya matse aji guda. Kwamitin inganta koyarwa ya zo ya kalli wannan darasi, ya yaba, ya ce dabara ce mai rage lalacewar kayan aiki.

Ɗinkin gaskiya a Sabon Gari muka koye shi. Madam ta ce duk wadda iyayenta suka yarda ta zo gidanta ran Asabar. Mu 'yan jeka-ka-dawo da ke zaune a Fagge mu muka fi zuwa. Babana ya yi jinkiri da farko, sannan ya ce matar da ke koya wa 'yarsa sana'a kyauta ba ta cancanci a yi mata rowa ba, ya riƙa ba ni guntattakin yadi daga rumfa in kai mata. Mu tsallaka titi, mu ratsa ta gefen kasuwa, ta wajen masu manja da busasshen kifi da Yarabawa masu sayar da robobi, kiɗa na tashi daga shagon masu faifai har ƙirjinka ya riƙa amsawa. Ɗakinta ɗaya ne a wani gidan haya mai yawan jama'a. Ta fito da tsohon kekenta baranda, wanda fentinsa ya goge tun kafin a haife mu, mu yi layi. In ka karkatar da ɗinki ta buge maka hannu da tef, ta ce a warware a sake. Na tsani kalmar nan warware kamar me. Amma keken nan in ta hau shi, ko ƙararsa ba ka ji sosai, sai wani ɗan sauti mai daɗi.

Wata Asabar muna cin soyayyar doya da ta yi mana, na tambaye ta me za ta yi in an tabbatar da ita. Na zaci za ta ce firji, don lokacin kowa firji yake cewa.

"'Yata," ta ce, "barci zan yi. Duk ƙarshen shekara ba na barci, ina jiran in ji ko za a ce in dawo. In aka tabbatar da ni, sai yaran nan sun tashe ni da taɓarya."

Muna ajin ƙarshe labari ya zo cewa sufetoci na tafe. Makaranta ta rikice. Aka yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka yi wa gindin itatuwa, saura kaɗan a yi wa maigadi. Aka tsayar da karatu gaba ɗaya saboda a shirya nuna ingancin karatu. Mu 'yan ɗinki aka koya mana zama. Kowacce ta zauna a gaban keke, baya a miƙe, hannu biyu a kan yadi, ƙafa kusa da feda amma kada ta kuskura ta taɓa. Hajiya ta ce in sufetoci suka shigo mu ɗago kai mu yi murmushi, kamar an katse mu muna tsakiyar aiki. Don abin ya yi kyau, aka sa Madam ta ɗinko rigunan jarirai rabi-rabi a tsohon kekenta na Sabon Gari, aka saƙala kowacce a ƙarƙashin allura. Ni aka ba keken farko, na bakin ƙofa, wai don na fi kowa iya zama.

Madam ta yi ta aikin nan ba gardama. Ita ma ta san yadda sufetoci ke yi, su ci, su zaga, su yaba, su tafi. In dai sun yaba, ta samu barcinta. Ranar ta zo cikin sabon leshi, ta ɗaura ɗankwali mai tsayi irin na zuwa coci.

Su uku ne suka zo. Babbansu wani dattijo ne mai tumbi, cikin babbar riga ta farar shadda da ta sha aiki. Aka fara da abin da ya kawo su, wato soyayyun kaji da dambun nama da fankasau da lemon kwalba. Muna zaune a gaban kekuna tun hantsi, bayanmu ya ƙage, muna jiyo ƙarar cokula. Sai bayan azahar suka taso, suna sakace haƙori, Hajiya na gaba tana bayani.

A jikin ƙofar ɗakinmu an kafa ƙusa don rataya allon barka da zuwa, kuma wanda ya kafa bai buga ta ta shige ba. Babban sufeto ya kawo kai zai shigo, ya yi irin wurgin nan da manya ke yi da hannun riga zuwa kafaɗa, ƙusa ta cafke shadda. Duk ɗakin muka ji ƙyat. Ta yage tun daga wajen aljihu, tsawon taƙi guda ko fiye.

Mutumin kirki ne ta wannan fannin, bai yi fushi ba. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kai, Allah ya so ni! Duk faɗin Kano ban tashi yagewa ba sai a ɗakin ɗinki." Ya tuɓe rigar ya miƙo mini. "Ungo, 'yata. Ɗan bi mini nan kafin mu gama zagayawa."

Na dubi Hajiya. Tana murmushi, amma haƙora ne kawai. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi ne ya kama ni. Shekara da shekaru ina wanke keken nan, na san kowane lungu nasa, yau ga shi an ce in hau, kuma a gaban Hajiya, ba ta da bakin hanawa. Na cire rigar jaririn, na shimfiɗa shadda, na ɗora ƙafa a feda kamar yadda Madam ta koya mini, na taka.

Ko gezau. Na ƙara ƙarfi, na kama kan keken da hannu zan juya, ya ƙi. Na miƙe rabi na danna da duk nauyina, sai bel ɗin fata da ya sha ruwan sabulu ya tsinke, ya faɗi ƙasa. Sufeto ya ce ba komai, a gwada na kusa. Aka gwada na kusa, aka gwada na bayansa, aka tsallaka wani sahu. Duk ɗakin nan mai ƙamshin sabulu babu keken da ya yarda ya motsa.

Madam ta taho a hankali, ta kama kan kekena ta kwantar da shi baya. Sama yana ƙyalli har kana ganin fuskarka, ciki kuwa jawur yake da tsatsa, ƙarfe ya manne da ƙarfe. Ta tsaya tana kallo.

Hajiya ce ta fara samun baki. Ta dafe ƙirji ta yi salati. "Madam! Ashe haka kika yi da kayan gwamnati?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mukullin a wurin Hajiya yake. Madam ko shiga ba a bari ta yi. Mu ne muke wanke su duk Juma'a da ruwa da sabulu, ita kuwa tun farko ta ce mai suke so."

Sufeto ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya juya. "Wace ce malamar ɗinki a nan?"

"Ni ce, Yallaɓai," in ji Madam.

"To ai magana ta ƙare. Kekunan ɗinki, malamar ɗinki." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan kuma ɗalibarki ce? Haka kike koya musu su riƙa tsoma baki manya na magana?"

Hajiya ta shiga gyara labulen taga. Ban sani ba ko ta yarda da abin da ta faɗa, amma ina kyautata zaton kafin la'asar ta riga ta yarda.

Riga dai tana nan a yage, kuma babban mutum ba zai koma ofis da 'yar ciki ba. Madam ta buɗe jakarta ta ɗauko allura da farin zare, ta zauna a kujerata da sabon leshinta, ta ɗinke da hannu. Ya karɓa ya ɗaga wajen haske, ya nemi wurin yagewar da ƙyar. Sannan ya girgiza kai ya ce wa abokan tafiyarsa, "Kun gani ko? Gwamnati ta cika ɗaki da kekuna, malama tana ɗinkin hannu irin na kakanninmu. A haka ake so ƙasa ta ci gaba?" Ya zura rigarsa, aka ba su sauran kajin a kwano, suka shiga mota.

Bayan 'yan makonni Hajiya ta tara mu a fili ta faɗa mana sakamako. An yaba wa makaranta ƙwarai wajen tsafta da wadatar kayan aiki. Rauni ɗaya aka samu, a wajen koyar da ɗinki, kuma za a turo sabuwar malama mai babbar takarda. Aka ce mu tafa, muka tafa. Da shekara ta ƙare ba a ce wa Madam ta dawo ba. Har yau in na tuna tafin nan sai raina ya ɓaci.

Kwamitin inganta koyarwa ya yi zama na musamman don gano abin da ya lalata kekunan. Bayan shayi da biskit aka gano cewa iska ce, saboda an bar su a buɗe ba rufi. Aka yanke shawara a ɗinka wa kowane keke riga, ta atamfa mai kyau, da ado a baki. Sai dai a makarantar babu keken da ke motsi, sabuwar malama kuma ba ta iso ba. Aka sayi yadin a rumfar babana, aka tambaye shi ko ya san tela mai hannu da ba zai ja rai ba. Ya ce ya san guda ɗaya a Sabon Gari. Da yamma ya ɗora mini turamen a ka, ya ce in kai.

Na same ta a baranda tana rage wa wani wando ƙugu. Ta rame, ɗankwalin nan mai tsayi babu shi. Na sauke kayan na faɗa mata na wane ne da abin da ake so a yi da su. Ta fashe da dariya har ta share ido da bakin zani.

Na ce, "Madam, don Allah kada ki karɓa. Ni zan mayar musu, in faɗa musu abin da ke bakina."

"Kin faɗa ranar, me ya fito?" ta ce. "Fushi zan dafa wa yaran nan da daddare? Miƙo almakashi."

Ta auna a kan tsohon kekenta, ta yanka, ta tashi ta ba ni kujera in bi bakin na farko. Raina a ɓace, ɗinkin ya karkace. Ta ɗaga ta duba, ta buge mini hannu da tef.

"Warware."

"Haba Madam, rigar mataccen keke ce fa. Wa zai duba?"

"Sufeto zai duba," ta ce. "Ita kaɗai ce ma zai duba."

Na ɗauki reza na warware, na sake daga farko.